Ɗakin kwamfutarmu ya ƙi buɗe ma ɗalibai: abin da nake rubutawa kullum

Litinin 3 Nuwamba 2025

Alhamdulillahi yau na ƙare sa Linux Mint 22, tsarin tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a kwamfutoci goma sha biyu na ɗakin formasiyon da nake kula da shi nan unguwar Zariya cikin Maradi. Dalilin canjin ba wani abu ba ne, tun 14 ga Oktoba Microsoft ta daina tallafa ma Windows 10, shi ko Windows 11 sai na'ura mai TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro da ke cikin na'ura, namu kuwa duk tsofaffi ne ƴan gwanjo babu wadda za ta ɗauka. Alhaji mai wurin ya ce ba ya da kuɗin sabbi, in nemo dabara. Mint 22 a kan Ubuntu 24.04 anka gina shi, ana ci gaba da gyara shi har 2029, na zaɓi mai teburin aiki na Xfce don ba shi da nauyi kuma yawancinsu giga 4 ne ram ɗinsu.

Guda na girka ma da hannu, cikin Faransanci, kilabiye azerti, wato tsarin Faransa mai farawa da a z e r t y, sannan na kwafe diskin da manhajar Clonezilla na zuba ma sauran. Daga nan na bi su ɗaya ɗaya da kile USB, akwai ɗan iskirip da na rubuta shina buɗe ma kowane ɗalibi kont nashi da kalmar sirri, ya kuma sa doka da umarnin chage cewa bayan kwana 90 a canza ta, in an ƙara kwana 14 ba a canza ba kont ya rufe. Kowa na rubuta mashi tashi a ƴar takarda. Gobe ajin safe za su fara.

Talata 4 Nuwamba

To yau kam an sha rana. Cikin sha biyu bakwai sun buɗe lafiya lau, biyar sun ƙi. Ɗalibi ya zauna ya buga abin da ke takardarshi, ta ce kalmar sirri ba daidai ba, ya sake, ta sake faɗin haka. Sai in zo in tsaya bayanshi in miƙa hannu in buga, nan take ta buɗe. Wannan shi ya ruɗe ni, don in da lalacewa ce ai ni ma ba za ta buɗe mani ba. Na duba ko majuskil ne a kunne, ba shi ba ne. Na ce masu su bi a hankali harafi harafi.

Akwai wata baiwar Allah a lamba 4, babba ce ta haife ni, tana da shagon saida atamfa kuma ta zo koyon lissafin kaya a kwamfuta. Sau shida tana bugawa. Na ce mata Hajiya ko dai kina tsallake wani harafi ne, ta ɗago ta dube ni ta ce ɗana abin da ka rubuta shi nake bugawa, ga yatsana ka gani. Ƴan matan da ke gefe sunka fara ƙus ƙus suna dariya, ita kuma ta naɗe takardar ta sa a jaka ta yi shiru. Na buɗe mata da hannuna munka ci gaba da darasi, amma har na isa gida abin na cina, don na ga yadda fuskarta ta canza.

Laraba 5 Nuwamba

Na gano shi, kuma laifin ba na Hajiya ba ne ko kaɗan.

Da asuba bayan salla na zo ni kaɗai na zauna a lamba 4. Na danna Ctrl da Alt da F2 na fita daga allon shiga mai hoto na koma baƙin allo inda rubutu kawai ke akwai. A wurin kalmar sirri ba ka ganin komi in kana bugawa, amma a wurin suna kana gani, sai na yi gwaji can. Ban buga kalmar sirrin kowa ba don abin da ka buga a wurin suna yana iya zama cikin rajistar na'ura, kalmar gwaji na ɗauka, maradi2025, kuma na ce bari in yi yadda ɗalibi ke yi, in dubi harafin da ke rubuce a kan maɓalli in danna da yatsa guda. Abin da ya fito a allo shi ne ,qrqdiéàé(

Sai na sunkuya na dubi kilabiyen da kyau. Kwarti ce! Layin sama q w e r t y. Su biyar ɗin nan daga Kano Alhaji ya sayo su, sauran bakwai ta Kwatano sunka shigo da kilabiyen Faransa. Ni kuma na kwafe diski guda na zuba ma kowa, kenan duk sha biyun na'ura na ɗaukar cewa azerti ke gabanta. Ɗalibi ya ga a ya danna, na'ura ta karanta q. Ya ga m ya danna, ta karanta waƙafi. Lambobi kuwa a azerti sai ka riƙe shif suke fitowa, in ba ka riƙe ba 2 ta zama é, sifiri ya zama à, 5 ta zama baka. Ni da nake shiga, tun ina lise da azerti na koyi bugu kuma ba na duban maɓalli, yatsuna na zuwa inda sunka saba, shi ya sa take buɗe mani ko mi ke rubuce a kan robar. Jiya duk wunin nan ina tsaye kan kilabiyen nan ban lura ba.

Gyaran bai ɗauki minti biyar ba kowace guda. Na shiga da kont ɗina na buga sudo dpkg-reconfigure keyboard-configuration na zaɓi Ingilishin Amurka, ko kuma kai tsaye ka buɗe /etc/default/keyboard ka maida XKBLAYOUT daga fr zuwa us, ka kashe ka kunna. Wanga fishiye shi allon shiga ke dubawa, abin da ɗalibi ya canza daga cikin kont nashi bai kai nan ba.

Da Hajiya ta zo na tarbe ta tun bakin ƙofa na ce ki yi haƙuri, jiya daidai kike bugawa, ni ne ban daidaita na'urar ba. Na faɗa da ƙarfi gaban ajin don waɗanda sunka yi dariya su ji. Ta ce ba komi ɗana, ta zauna ta fiddo takardar nan da ta naɗe, ta buga sau guda ta buɗe.

Alhamis 6 Nuwamba

Biyu sun rage da ƴar matsala. Lamba 7 kwarti ce amma ta Ingila, akwai alamar fam a kan 3, kuma @ da alamar zance sun yi musanyar wuri da na Amurka, yaron da ke zama nan akwai @ a kalmarshi. Na maida ta gb. Lamba 2 kuma da nake ƙirgawa cikin na Faransa ashe azertin Beljiyam ce, haruffa duk ɗaya amma a kan 6 maimakon karan ɗori § ke nan, a kan 8 kuma alamar motsin rai. Ɗalibin safe bai ji komi ba don kalmarshi haruffa da lamba ce zalla, na marece ne mai karan ɗori ya maƙale. Na maida ta be. Na sayo sikoci fari na liƙa a bayan kowace kwamfuta na rubuta fr ko us ko gb ko be da marka, saboda na san halinmu, ranar da kilabiye guda ta mutu za a ciro ta maƙwabciya a jona.

Na kuma sa numlockx, manhajar da ke kunna maɓallan lamba na gefe, na kunna shi cikin saitin allon shiga, don masu buga lamba ta gefen dama su ma suna faɗa ma wanga rami in ƴar fitilar ba ta kunne.

Asabar 8 Nuwamba

Sabuwa ta ɓullo, wagga ta bambanta. Kwamfutar sakatariya ce, ita ba ta cikin sha biyun, jiya na girka mata. Tana buga kalmarta na'ura ta karɓa, allo ya yi baƙi kamar daƙiƙa biyu, sai ya dawo da ita wurin shiga kamar ba a yi komi ba. Ba ta ce mata kuskure ba, kawai juyi take da ita kamar jakin rijiya. Wannan karon ban ce ma kowa sake bugawa ba.

Baƙin allo na koma, na ce ta shiga da kanta, ta shiga lafiya. Kenan suna daidai, kalma daidai, matsalar tana wajen tada tebur mai hoto. Na buga ls -ld /home/sakatare sai ga root root a wurin mai shi, root kuwa shi ne babban kont mai iko da dukan na'ura. Nan na tuna abin da na yi, kafin in buɗe mata kont na riga na ƙirƙiri dosiyen da sudo, wato da ikon root, na juye takardunta na tsohon Windows ciki don kada su ɓace, da na zo buɗe kont ɗin useradd ya tarar da dosiye a wurin sai ya bar shi yadda yake, har ya yi gargaɗi ma na wuce ban karanta ba don ana kiran la'asar. To gidan, wato dosiyen nata na /home, da sunanta yake amma makullin na hannun root. Shi ko LightDM, manhajar allon shiga, in za ya shigar da mutum sai ya rubuta wani ƙaramin fishiye .Xauthority cikin gidan, bai samu izini ba, sai ya sake ta. sudo chown -R sakatare:sakatare /home/sakatare, na kwafo mata abubuwan /etc/skel da ba a sa ba na sake chown, shi kenan ta shiga. Ta fara neman dosiyen rasit na ɗalibai ta ga yana nan sannan ta yi ajiyar zuciya.

Litinin 10 Nuwamba

Babu aiki sosai, kuran ya ɗauke tun hantsi, gurup kuma ba mai. Na share ƙura kawai.

Talata 11 Nuwamba

Wagga ita ta fi cin lokacina, kuma ita ta fi koya mani abu.

Jiya da dare Alhaji ya kawo akwatin wifi, yau da safe na jona duka da intanet karo na farko. Goma sha ɗaya lafiya. Lamba 9 kuwa da anka kashe anka kunna, ɗalibai ukun da ke da kont a kanta babu wanda ya iya shiga, na safe da na rana da na marece. A baƙin allo saƙon ya fito sarai cewa kont ɗin ya ƙare a nemi mai kula da na'ura. Kont ɗin da na buɗe kwana takwas da sunka wuce! Nawa ni ya shiga don ban sa mashi dokar kwana 90 ba.

Na buɗe /var/log/auth.log na ga pam_unix na cewa kont ya mutu. Na buga sudo chage -l da sunan ɗalibin, sai ga shi wai rabon da a canza kalmar sirri tun cikin 2024. Na daɗe ina kallon layin nan. Ta yaya, ni da ko na'urar ban taɓa ba a 2024. Sai ƙanena da ke taya ni aiki ya ce yaya ai agogon wagga dama ba daidai yake ba, tun ran farko na ga kwanan wata a ƙasan allo wani iri ne na ɗauka ka sani. Na kashe ta na cire wayar wuta na ɗan jira na kunna na shiga BIOS, wato saitin na'ura na kafin tsari ya tashi, kwanan wata ya koma can baya.

Ga yadda abin yake. A kan babban allon da ke cikin akwatin kwamfuta akwai ƴar pil mai kamar kwabo, CR2032, bolt 3, ita ke riƙe agogo in babu wuta. Ta lamba 9 ta mutu, kuma mu nan da dare ana kashe komi daga mita. Da na girka tsarin babu intanet da za ta gyara lokaci, sai ta tashi da kwanan wata na bara, a haka iskirip ɗina ya buɗe kont ya rubuta cikin /etc/shadow cewa ranar ce anka sa kalmar sirri. Duk satin nan tana zaune cikin 2024 abinta lissafi bai tashi ba. Wifi na zuwa ta tambayi lokaci ta dawo Nuwamba 2025, ta ƙirga ta ga kwana 90 sun wuce, 14 ɗin alfarma ma sun wuce da nisa, ta rufe kowa. Wato ita dai abin da anka ce ta yi shi ta yi.

Na aiki ƙanena kasuwa wajen masu gyaran agogo ya sayo pil huɗu. Na buɗe akwatin, ƙura ciki kamar an zuba gari, tsohuwar pil ɗin ma da ƙyar ta fito sai da na sa bakin ƙaramin turnabis na ɗan danna ƙarfen da ke riƙe ta. Na sa sabuwa, na daidaita agogo a BIOS, na shiga na sake sa ma ukun kalmominsu da sudo passwd, wanda shi da kanshi ke maida ranar canji zuwa yau. Sun shiga. Na bi sauran da timedatectl, na kuma cire masu wuta ɗaya ɗaya na gwada, lamba 5 ita ma pil ɗinta ta kusa, na canza tun ba ta kai mu can ba.

Kuma na cire dokar kwana 90 ɗin gaba ɗaya. Formasiyon ɗinmu wata uku ne, mutum na gamawa ana goge kont nashi, to mi dokar ke karewa? A ofishin da na yi sitaj na ganta na kwaso ban tambayi kaina ko ta dace da mu ba. Mutanen da wasunsu yau ne farkon taɓa linzamin kwamfuta, ka ce kuma su riƙa canza kalma, ƙarshenta a bango za su rubuta ta.

Alhamis 13 Nuwamba

Wani ɗalibi malamin makarantar firamare ne, mai son rubutun Hausa ƙwarai, tun sati na farko ya tambaye ni yadda za ya samu ƙ da ɗ da ɓ. Na nuna mashi cewa cikin jerin kilabiye na Linux akwai na Hausa ƙarƙashin Najeriya, na ƙara mashi a kont nashi, ya yi murna har ya buga sunan garinsu da lanƙwasa ya ɗauki hoto da waya. To ashe jiya ya canza kalmar sirrinshi ya sa ɗ a ciki. Yau ya zo allon shiga babu kilabiyen Hausa, sai fr, babu ta inda za ya fiddo harafin.

Na sake mashi wata. Na ce malam a takarda ka sa lanƙwasa yadda kake so, ni ma ina goyon baya, amma a kalmar sirri a bar su, haka é da ç. In kana son mai ƙarfi haɗa kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da dangi da juna, doguwa ce kuma kai ba ka mantawa. Ya ce to amma bai ji daɗi ba, ya ce har yaushe harshenmu za ya riƙa tsayawa bakin ƙofa. Maganar ta zauna mani. Ana iya ƙara tsari na biyu a /etc/default/keyboard don allon shiga ya san shi, za ni gwada a lamba 12 da ba kowa a kanta da marece, abin da nake tsoro kawai kada wani ya juya shi bisa kuskure na bayanshi ya zo ya maƙale mu koma ranar Talata.

Litinin 17 Nuwamba

Lamba 6 ta fara juyin nan irin na sakatariya, ta karɓa ta yi baƙi ta dawo. Na duba mai gida, wato mai dosiyen /home, ɗalibin ne daidai, .Xauthority ma nashi ne. df -h ya nuna diski ya cika 100%. Ita dama ƙaramin diski gare ta, wani ya juye bidiyon biki daga wayarshi, ga manhajar Timeshift da na bari tana ajiye kwafin tsarin kullum. Babu wurin rubuta ko ƙaramin fishiye, to ba shiga. Daga baƙin allo na duba da timeshift --list na goge tsofaffi, bidiyon na kwashe ma mai shi a kile ban goge ba, bikin ƙanwarshi ne. Na maida Timeshift sati sati, ya riƙe biyu kawai.

Wani abu da na lura da shi ina cikin wanga aiki, duk wanda ya riƙe shif ko Esc lokacin da na'ura ke tashi za ya ga jerin GRUB, manhajar da ke tada tsarin, ya shiga yanayin ceto ya zama root ya canza kalmar kowa. Ni ya yi mani amfani a gwaji, amma akwai yara biyu a ajin marece masu kaifin kai da na ga suna leƙen hannuna. Dole in sa ma GRUB da BIOS kalmar sirri, na sa cikin aikin sati mai zuwa.

Laraba 19 Nuwamba

Na buga takarda guda na liƙa jikin ƙofa daga ciki don ƙanena in ba ni nan: a fara duba sikocin bayan na'ura da kilabiyen da ke jone ko sun yi daidai, a gwada haruffa a wurin suna, a dubi agogo, a dubi diski, a dubi mai gida, kafin a tambayi ɗalibi ko ya manta. Cikin duk waɗanda sunka kasa shiga sati biyun nan mutum guda ne tak ya manta da gaske, shi ma takardar ce anka wanke mashi cikin aljihun riga.

Saura lamba 11. Tun jiya wani lokaci ta buɗe wani lokaci ta ƙi, da kalma guda, da hannu guda. Na yi gwajin baƙin allo na danna e sau goma, bakwai sunka fito. Hunturu ya fara, ƙura na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa da tagar gabas, na ɓalle maɓallin na hura na goge da auduga ya ɗan yi dama amma har yanzu yana cijewa. Hajiya da ta ga ina fama ta ce gobe za ta kawo ragowar yadi daga shago a yanka a riƙa rufe su da dare. Na ara ma lamba 11 kilabiyen lamba 12 tunda duk fr ne, gwajin Hausa a allon shiga sai ya jira har direban da ke zuwa Kano ran Juma'a ya kawo sabuwa, kuma na ce mashi ya ɗauko hoton layin sama ya turo mani ta WhatsApp kafin ya biya kuɗi.